WUTAR DA BA TA DA HAYAƘI: DARASI A KAN WAYA TA UKU

Tun zamanin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna Gwandu, wuta iri ɗaya kakanninmu suka sani a ɗakin girki, watau ta murhu. Ita wannan tana da harshe, tana da hayaƙi, ko yaro ya hange ta ya san ba abar wasa ba ce. Yau kuwa wata wuta ta shigo ta zauna kusa da murhu, ba harshe, ba hayaƙi, ba wari, ba ka sanin tana nan sai ta kama ka. A kanta ni ke so in yi wa 'yan'uwana 'yan makaranta bayani, tare da neman gafarar malamanmu waɗanda suka fi ni sani.

Abin da na gani a Gwandu

A hutun bazara na sauka gidan gwaggona a Gwandu. Tana da babban firiji na ƙarfe, da shi ta ke sana'ar ƙanƙara da zoɓo, kun kuwa san yadda ƙanƙara ke da daraja a ƙasarmu cikin watan Afrilu. Ran nan da hantsi wata yarinya ta gama wanke daɓen ɗakin, ƙafarta ba takalmi, hannunta jiƙe, ta kai hannu za ta buɗe firijin. Sai muka ji ta ƙwalla ihu, ta faɗi zaune, tana yarfa hannu.

Na ce, "Gwaggo, yaushe firijin nan ya fara haka?"

Ta ce, "Haba ɗana, ai halinsa ke nan. Ɗan cizo ya kan yi, mu kan sa tsumma mu buɗe. Yau dai tsautsayi ne."

Na kashe wuta, na leƙa bayansa. Ashe ɓera ya gaigayi rigar waya, har tagullar ta fito tana gugar jikin ƙarfen. Fulogin kuma ƙafarsa ta uku a karye ta ke, wani ya karya ta tun tuni don ta shiga wata soket mai rami biyu. Watau wata da watanni mutuwa na tsaye a ɗakin nan, ana kiranta ɗan cizo. Ruwa ba ya tsami banza, kayan wuta kuma ba su cizo banza.

Inda ta fito da inda ta nufa

A shekarar 1968 aka gama madatsar Kainji a kan kogin Kwara. Daga can manyan wayoyi ke ɗauko wuta mai ƙarfin folt 330,000 zuwa Birnin Kebbi, a yi ta rage mata ƙarfi daga taransifoma zuwa taransifoma, har ta iso gidajenmu tana folt 230.

Ga ka'ida ɗaya wadda in kun riƙe ta kun riƙe darasin duka. Lantarki ba ya tafiya sai ya sami hanyar komawa inda ya fito, kuma ƙasar da mu ke takawa tana cikin hanyoyin komawarsa, gama an haɗa taransifoma da ƙasa. Saboda haka duk wanda ya taɓa waya mai wuta alhali ƙafarsa na ƙasa, ya mai da jikinsa gada. Shi ya sa tsuntsu kan sauka bisa waya ya tashi lafiya, domin bai taɓa ƙasa ba, bai kuma taɓa waya ta biyu ba.

Lissafin da ya kamata kowa ya iya

Ku kwatanta lantarki da ruwa cikin famfo. Folt shi ne ƙarfin turin ruwan, ampiya ita ce yawan ruwan da ke wucewa, om kuwa shi ne ƙuncin hanyar. Wani Bajamushe, Georg Ohm, ya bayyana a shekarar 1827 cewa in an raba folt da om, abin da ya fito shi ne ampiya. Ampiya ɗaya kuwa miliampiya 1,000 ce.

Busasshiyar fatar mutum ta kan tare lantarki har wajen om 100,000. To, ku raba 230 da 100,000, za ku sami miliampiya 2 da 'yan kai. Wannan shi ne ɗan cizon da gwaggo ta saba da shi. Amma in fata ta jiƙe da ruwa ko gumi, tarewar ta kan faɗo wajen om 1,000. Ku sāke rabawa, sai ku ga miliampiya 230. Firiji ɗaya, wuta ɗaya, amma ruwa ya riɓanya haɗarin sau ɗari.

Me waɗannan lambobi ke yi wa jiki? Wajen miliampiya 1, mutum ya ji ɗan tsikari. Daga 10 zuwa 16, naman hannu ya ƙanƙame, mutum ya damƙe abin ya kasa saki ko da yana so, shi ne mu ke cewa wuta ta riƙe shi. Wani malami na Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, Charles Dalziel, ya daɗe yana auna wannan iyaka ta kasa saki. In ta haura 20 kuma ta bi ta ƙirji, numfashi ya kan tsaya. Daga wajen 50 zuwa 100, zuciya ta kan ruɗe, ta bar bugawa bisa tsari, ta koma karkarwa, jini ya daina zagawa. In ba a kawo gudummawa cikin 'yan mintoci ba, sai dai a ce Allah ya jiƙansa. Yarinyar nan Allah ya kiyaye ta ne don faɗuwar da ta yi ta raba hannunta da ƙarfen nan da nan.

Me ya sa ɗakin girki?

Domin a nan abubuwa huɗu suka haɗu: ruwa, da ƙarfe, da zafi, da ƙafa ba takalmi. Zafin risho ko na murhu ya kan narkar da rigar waya. Tururi da maiƙo su kan shiga soket. Ɓera, mai bin abinci, ya kan gaigayi waya. Firiji, da butar lantarki, da tukunyar dafa shinkafa, da injin markaɗe, da yawansu jikinsu ƙarfe ne. Masu aikin ɗakin kuwa, iyayenmu mata da ƙannenmu, hannunsu ba ya rabo da ruwa.

Akwai wani abu kuma da ya fi waɗannan duka ban tsoro, shi ne hita, 'yar murɗaɗɗiyar ƙarfen nan da a ke tsomawa cikin bokiti. A Kalgo, inda 'yan makaranta suka yawaita tun da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ta zauna a kan hanyar garin, na ga wani abokina da sanyin hunturu ya tsoma yatsa cikin bokiti don ya ji ko ruwa ya yi zafi, hita kuwa na ciki tana aiki. In bututunta ya tsage, ko ruwa ya kai wuyanta, ruwan bokitin duka ya zama waya mai wuta. Ka'idarta ita ce a tsoma ta kafin a kunna, a zare fulogi kafin a taɓa ruwa, kada kuma a bar ta inda yaro mai rarrafe zai kai.

Waya ta uku

Ku buɗe fulogi mai ƙafa uku, irin wanda aka fito da shi a Ingila a 1947, mu ma muka ɗauka. Za ku ga waya uku. Ta fari mai kawo wuta, launinta ja a tsohon tsari, ruwan ƙasa a sabo. Ta biyu mai mayar da wuta, baƙa a tsohon tsari, shuɗiya a sabo. Ta uku ita ce wayar ƙasa, koriya, ko koriya mai ratsin rawaya. Ku lura ƙwarai, kada sunan launi ya ruɗe ku, mai ruwan ƙasa ba ita ce wayar ƙasa ba, ita ce ma mai kisa.

Waya ta uku ba ta aikin kome muddin kaya na lafiya, shi ya sa jahili ke ganin ba ta da amfani. An ɗaura bakinta ɗaya a jikin ƙarfen firijin, ɗayan kuma ya bi ta doguwar ƙafar fulogi, ya bi bango, ya ƙare a sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa. Ran da waya mai wuta ta taɓa ƙarfen, sai lantarki ya sami hanya mai sauƙi ya kwarara ta nan da yawa, fis ya ƙone ko bireka ta faɗi, wuta ta yanke tun kowa bai taɓa ba. In an karya ƙafar nan, ko an cusa tsirarar waya cikin soket an danne da tsinken ashana, to, ba sauran hanya sai jikin wanda ya fara kai hannu.

Sandar ƙasa ma tana bukatar kulawa. Ƙasa mai damshi, irin ta fadama, tana karɓar lantarki da sauƙi. Busasshen rairayi na tudu kuwa, musamman da rani, ba ya karɓa sosai. Don haka sai a kafa sandar da zurfi inda ke da laima, a kuma sa gwani ya auna ta da na'ura, ba da ido ba.

Kada kuma ku dogara ga fis kaɗai. Fis na fulogin butar lantarki ampiya 13 ne, watau miliampiya 13,000, mun kuwa ga 100 ta isa kashe mutum. An yi fis domin ya tsare waya daga gobara, ba domin ya tsare rai ba. Wanda ya ɗaure ƙonannen fis da tagulla mai kauri kuwa, ya kore ko wannan ɗan tsaron.

Mai gadin rai

Akwai wata 'yar na'ura da a ke sawa a akwatin wutar gida, masu aikin wuta na kiranta RCD. Aikinta ta riƙa auna wutar da ta shiga da wadda ta komo. In ta ga an sami giɓin miliampiya 30, ta san wuta ta yi yoyo, watakila ta jikin mutum, sai ta yanke ta kafin ƙiftawar ido. Labarinta kuwa yana da tushe a Afirka. Wani injiniya, Henri Rubin, ya ƙera irinta domin ma'adinan zinariya na Afirka ta Kudu. Da wuta ta kashe wata mata cikin gidanta a Stilfontein, garin masu haƙar zinariya, sai aka bi gidajen garin aka sa musu ɗaruruwan na'urar a 1957 da 1958. Dalziel kuma ya ƙera tasa a Amurka a 1961. Ku duba, ran mace ɗaya ya zama sanadin tsirar mutane da yawa. Tana da ɗan maɓalli na gwaji, a riƙa danna shi lokaci lokaci, a ga ko tana faɗuwa.

In abin ya auku

Na ɗaya, kada ka taɓa wanda wuta ta riƙe, gama sai ku zama biyu. Ka kashe babban makunnin gida, ko ka zare fulogi, in janareta ne ka kashe shi.

Na biyu, in ba ka kai ga makunni ba, ka tsaya bisa busasshen katako, ka ture shi da busasshiyar taɓarya ko muciya. Ban da ƙarfe, ban da jiƙaƙƙen abu.

Na uku, ka duba numfashinsa. In ba ya numfashi, ka kwantar da shi rigingine, ka ɗora hannuwanka biyu a tsakiyar ƙirjinsa, ka riƙa dannawa zurfin wajen santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti guda. Bayan ko wane danni 30, a hura masa iska sau 2 a baki, in an iya. Wani kuma ya nemo mota, ko ya kira lamba 112.

Na huɗu, kada a ɗura wa sumamme madara ko ruwa, sai ya shaƙe. Ƙuna kuwa a zuba mata ruwa mai tsabta wajen minti 20, bayan an tabbata wuta ta yanke.

Na biyar, ko ya miƙe ya ce lafiya lau, a kai shi asibiti mafi kusa, ko a wuce Birnin Kebbi, asibitin Sir Yahaya, domin lantarki kan ƙona ciki fata na lafiya, ya kan kuma taɓa zuciya. Mai ciki kuwa tilas likita ya gan ta.

Aikin hutu

Gwaggo ta kira mai gyaran wuta, ya sāke waya da fulogi, ya kafa sandar ƙasa. Kuɗin duka bai kai cinikin ƙanƙarar 'yan kwanaki ba. Da ya gama ta ce mini, "Ashe maciji mu ke kwana da shi!" Ku ma ku nemi gwani mai takardar shaida, gama tun 2015 akwai hukumar NEMSA mai tantance masu sa wuta a Nijeriya. Araha ba ta ado.

Mu da za mu fita mu zama malamai, abin da muka koya wa yaro ɗaya ya kan shiga gida guda. Saboda haka ga aikin da na roƙi kowa ya yi a hutun nan. Ka kashe wuta, ka bi fulogin gidanku ɗaya ɗaya, ka ƙirga masu ƙafa uku lafiyayyu. Ka nemi inda sandar ƙasa ta ke, in akwai. Ka nuna wa matan gida babban makunni, har yarinya 'yar shekara goma ta san shi. Sa'an nan ka tambaye su, "Akwai abin da ke cizo a gidan nan?" In sun ce akwai, a zare shi ran nan, kada a sāke jona shi sai an gyara.

Gaskiya ne kwana ba ya wuce ranarsa, amma Wanda ya ƙaddara shi ne ya ba mu hankali. Allah ya kiyashe mu da iyalanmu, amin.