Ubuntu a cikin VMware: kar ka ɗora kaya kan kaya

Saura kwana biyu in miƙa aikin firatikal, sai Ubuntu ɗin da na girka a cikin VMware ya fara gardama: allo ya ƙi cika, kwafo rubutu daga Windows ya daina aiki. Laifina ne. Wani tsohon bidiyo na bi, na ɗora VMware Tools na kamfani a kan open-vm-tools da Ubuntu ya zo da shi. Aikinsu ɗaya, sai suka yi karo.

'Yan'uwa, open-vm-tools ba jabu ba ne. VMware da kansa ya saki lambobinsa a 2007, kuma shi yake ba masu Linux shawarar amfani da shi. Yana sabuntuwa ta apt tare da sauran manhajoji, ba wahalar girkawa da hannu.

In allo ko kwafi ne matsalarka, rubuta sudo apt install open-vm-tools-desktop, ka sake kunna Ubuntu. In ka riga ka haɗa biyun kamar ni, fara cire na kamfanin da vmware-uninstall-tools.pl.

Amma in Windows ka girka a cikin VMware, na kamfanin za ka saka. Kuma don Allah ka ɗauki snapshot kafin ka taɓa komai.