Hakkin Yaro A Kan Iyayensa: Illar Talla Da Aikin Wahala

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'ya'ya amana ce a wuyan iyaye. A Suratul Baƙara, aya ta 233, Allah Ya ɗora wa uba nauyin ciyarwa da tufatarwa gwargwadon hali. Amma a gidaje da yawa an juya al'amarin, yaro ne ke fita nemo abin da za a ci. Sai a ga yarinya 'yar shekara tara da farantin gyaɗa a ka tun da farar safiya, tana bin tashar mota har bayan magariba, alhali tsararrakinta suna makaranta.

Musulunci bai hana koya wa yaro sana'a ko aikin gida daidai ƙarfinsa ba. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa jin tsawa ba, ya kuma fito da ilmi mai yawa. Abin ƙi shi ne aikin da ya fi ƙarfin yaro, ko ya raba shi da karatu. An mayar da Abdullahi ɗan Umar gida ranar Uhudu don yana da shekara 14, sai a Handaƙ aka karɓe shi yana da 15. Haka nan Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Usman ya hana a tilasta wa ƙaramin bawa nemo kuɗi, domin in bai samo ba zai yi sata. In har bawa ya sami wannan kariya, ina ga ɗan da mutum ya haifa?

Illa ta farko ga ilmi take. Wanda ya wuni a kasuwa ba ya iya riƙe hadda da dare, gajiya ba ta barinsa. Daga fashi sai barin makaranta, ya tashi ba Muhammadiyya ba boko, talaucin da aka guda ya gaje shi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya zargi masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Dokar Nijeriya ta 2004 ma ta wajabta ilmin shekara tara kyauta ga kowane yaro.

Ta biyu kuwa ga lafiya take. Ƙashin yaro bai ƙosa ba, kaya mai nauyi na cutar da baya da wuya. Mai talla na cikin haɗarin mota da zafin rana da sharrin fasiƙai. A shekarar 2010, gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, wasu yaran ma da su ake aikin.

Talauci uzuri ne da ba a raina shi, amma maganinsa na wuyan manya. Mawadata su fitar da zakka ga mabuƙata, dangi su tallafi marayu, hukuma ta gyara makarantu. Kowa makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Allah Ya shiryi zuriyar Musulmi, Ya buɗa wa iyaye ta hanyar halal, amin.