Yadda Ake Canza Sil Ɗin Akwatin Raba Ƙarfi a Hilux

Bayan giyabos akwai ƙaramin akwati mai raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Idan mai yana ɗiga inda farfela ta haɗu da shi, sil ya mutu. In ka ƙyale, man zai ƙare, haƙoran giya su cinye juna.

1. Tokare tayoyi, ka juye man.
2. Yi wa farfela alama kafin ka kwance ta, don ta koma mazauninta.
3. Kwance babban noti, zare faifan, ɓamɓare tsohon sil.
4. Shafa wa sabon mai, ka buga shi a hankali ya zauna daidai.
5. Ɗaure komai, zuba mai har bakin rami.

Kada ka manta da kafar shan iskar akwatin. In laka ta toshe ta, sabon sil ma zai yi yoyo.