MANIHA: ARON DABBAR TATSA DA HUKUNCINSA

 

Ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata sadaka wadda ba a cika ambatonta a wa'azi ba, alhali kuwa ƙasarmu ƙasar kiwo ce. Sunanta da Larabci maniha. Ma'anarta ita ce mutum ya ba ɗan'uwansa aron raƙuma ko tunkiya ko akuya mai nono, ya tatsa ya sha shi da iyalinsa, in nonon ya ƙafe ya mayar wa mai ita.

Imamu Buhari ya keɓe mata babi a Littafin Kyauta na cikin Sahihinsa. A nan ya kawo hadisin Abdullahi ɗan Amru, inda Manzon Allah (SAW) ya ambaci halaye 40 na alheri waɗanda kowane ɗayansu ke iya shigar da mai yin sa Aljanna, ya kuma sanya aron akuyar tatsa a samansu. Uwar Muminai A'isha (RA) ta ba da labarin cewa akan yi wata biyu ba a hura wuta a ɗakunan Annabi ba, sai dabino da ruwa, sai fa nonon da maƙwabtansa Ansaru ke aiko masa daga dabbobinsu na tatsa. Haka Ansaru suka ba Muhajirai aron itatuwan dabino lokacin da suka iso Madina hannu wofi. Da Allah ya buɗe Haibara a shekara ta 7 bayan Hijira, sai Muhajirai suka mayar musu da itatuwansu. Mu lura da kyau: aron ya ƙare ne domin mai karɓa ya tsaya da ƙafafunsa.

To, mu dawo gida. Dattawanmu ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, mu kuma mun ga yunwar 2005, wadda ta biyo bayan farin ɗango da ƙarancin ruwan 2004. Yadda talauci ke shiga gidan manomi a irin wannan shekara sananne ne. Rumbu ya ƙare kafin bazara, kuɗin tiyar hatsi ya hau, kuɗin dabba ya faɗi, domin kowa sayarwa yake yi. Sai a kai akuya kasuwa, sannan ɗiyarta, sannan a jinginar da gona, maigida ya tafi cin rani. Ko damina ta yi kyau daga baya, gidan da ya rasa uwar garke ba ya komawa yadda yake. Buhun cimaka da ake rabawa cikin azumi alheri ne, ba mu raina shi ba, amma cikin ƴan makonni ya ƙare.

Akuya kuwa cikinta wata 5 ne, kuma jar akuyar Maraɗi ta shahara da haihuwar tagwaye da kyawon fata. Matar da mijinta ya rasu, in ta sami awaki biyu ko uku, marayunta sun sami nonon damun fura, gona ta sami taki, in ciwo ya zo akwai ɗan bunsurun da za a sayar a sayi magani ba tare da an shiga bashi ba.

Fulani sun daɗe da irin wannan, suna kiran sa habbanaye: a ba wanda ya rasa garke aron saniya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴan maruƙa ya mayar da uwa. Ƙungiyoyin agaji da dama sun ɗauki wannan hanya a Nijar, suna ba mata awaki. Sai dai akwai hukunce-hukunce da ya wajaba a bambance, domin mun ga ana cuɗa su.

A maniha nono ne aka bayar, don haka abin da dabbar ta haifa na mai ita ne, sai in ya furta cewa ya ba da shi kyauta. In ya furta, ya haɗa ladan aro da na kyauta, kuma wannan shi ne habbanaye. Ya kamata a yi wannan magana tun ranar miƙa igiya, a gaban shaidu.

In dabbar ta mutu fa? A mazhabar Maliku, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaid, mai aro ba ya biyan abin da ba ya ɓoyuwa, irin su dabba, sai in ya yi ta'adi. Saboda haka bai halatta a matsa wa matalauciya biyan akuyar da annoba ta kashe ba.

Abu mafi nauyi shi ne zakka. Wanda tumakinsa da awakinsa suka kai 40, shekara ta zagayo, ɗaya ta wajaba a kansa har zuwa 120. Wannan dabba haƙƙin waɗanda aka lissafa ne a aya ta 60 ta Suratut Tauba, mallaka musu ake yi. Ba ya inganta a ba da ita aro a zo a karɓe. To, reshen ƙungiya da ke son kafa garken aro sai ya kafa shi da sadakar ganin dama, ya ware littafinsa daban da na zakka.

Kada kuma a ba gidan da ba shi da abincin dare akuya kaɗai, domin gobe za ta kwana a kasuwa, kuma ba wanda zai zarge su. A haɗa da hatsin da zai kai su kaka, a yi wa dabbar rigakafi wurin ma'aikatan kiwo, a kuma tanadi bunsuru guda ga kowace unguwa. Allah ne Mafi sani.