Madagaska, Tsibirin Shinkafa da Kuka

'Yan'uwa masu karatu, a darasin wannan wata za mu haye teku mu duba wata ƙasa wadda ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Sunanta Madagaska.

Ƙasar

Madagaska tana cikin Tekun Indiya, wajen kilomita 400 gabas da Mozambik. Ita ce ta huɗu wajen girma cikin tsibiran duniya, tsawonta kuwa ya kusa kilomita 1,600. Tsakiyarta tudu ne mai sanyi kamar Jos, can ne babban birninta yake, wato Antananaribo. Gabas akwai kurmi da ruwan sama mai yawa. Kudu kuwa ƙasar fari ce, har aka yi yunwa mai tsanani a 2021. Ga abin mamaki kuma: cikin irin kuka 8 da aka sani a duniya, 6 asalinsu a Madagaska kaɗai yake.

Mutanen

Mutanen ƙasar sun kai wajen miliyan 30. Waɗansu kakanninsu sun zo cikin jiragen ruwa daga tsibiran Indonesiya, waɗansu daga gabashin Afirka. Harshensu Malagasi ne, dangin harsunan tsibirin Borniyo. Suna jin Faransanci kuma, gama Faransa ta mulke su har 1960. Shinkafa ce abincinsu safe da rana da dare. Dukiyarsu shanu ne masu tozo, irin na Fulani.

Suna da al'ada da suke kira fady, wato abin da kakanni suka hana a ci ko a taɓa. Kowane gari da nasa. Mu masu bi ba mu tsoron matattu, ba mu kuwa neman albarka wurinsu. Duk da haka baƙo mai hankali yakan tambayi mai gari kafin ya shiga wuri, ba ya yi wa mutane ba'a a gidansu.

Hanya

Mai zuwa daga ƙasarmu yakan bi jirgin sama ta Adis Ababa ko Nairobi. Sai ya riƙe fasfo, da biza, da katin allurar shawara. Kuɗinsu ariyari ne. Daminarsu daga Nuwamba zuwa Afrilu ce, guguwar teku kuma takan yi ɓarna tsakanin Janairu da Maris. Gara a je tsakanin Mayu da Oktoba, lokacin da mu muke damina, su suna rani. A tafi da bargo saboda sanyin tudu, da gidan sauro saboda bakin teku. Hanyoyin mota da yawa ba su da kyau, sai haƙuri.

Ekklesiya

Masu bishara daga Birtaniya suka iso tsibirin a 1818. Suka buɗe makarantu, suka juya Maganar Allah tare da 'yan ƙasa, har aka gama buga Littafi Mai Tsarki duka cikin Malagasi a 1835. Namu na Hausa sai 1932 ya fito. Amma a cikin shekarar nan ta 1835 Sarauniya Ranabalona ta Fari ta hana bin Almasihu, ba da daɗewa ba masu bishara suka bar ƙasar. A 1837 aka kashe wata mace mai suna Rasalama da mashi saboda bangaskiyarta. Aka jefo waɗansu daga kan dutse, aka ƙone waɗansu. Sauran suka ɓoye littattafansu, suna taruwa a asirce suna karatu. Da sarauniyar ta mutu a 1861, sai aka tarar masu bi sun fi na dā yawa ƙwarai. A 1869 aka yi wa wata sarauniya, Ranabalona ta Biyu, baftisma.

Me ya riƙe su shekara 26 ba mai koyarwa daga waje? Suna da Maganar cikin harshensu, sun kuwa iya karanta ta. Mu ma muna da ita. Ashe, gidan da Littafi yake kwance cikin akwati, yara kuma ba su iya karatu ba, da me zai tsaya ran wahala?

Tambayoyi

1. A wane teku Madagaska take?
2. Yaushe ya fi kyau a je can, don me?
3. Wa za ka koya wa karatu a gidanka bana?

Bari mu tuna da 'yan'uwanmu na Madagaska cikin addu'a, musamman na kudu inda ruwa yake wuya.