Injin ya buga: a gyara ko a yi musanya?

Da zarar mota ta fara hayaƙi a unguwar 220 Logements ta Abijan, ko allurar zafi ta haura a cunkoson Liberté, kafin ka kai gida dillali ya ji labari. Zai same ka da fara'a: "Alhaji, rabu da ita kawai, ka kawo ciko in haɗa ka da wata." Kada ka ba shi amsa a ranar. Mota mai mataccen inji kuɗin ƙarfe ake taya ta, shi ma ya san haka.

Fara sanin ciwon tukuna. Farin hayaƙi mai kauri, ruwan lagireto yana raguwa, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara: gasket ne ya ƙone. Aiki ne na buɗe kan injin, a duba ko ya lanƙwashe, a goge shi, a sa sabon gasket, bai isa a sayar da mota ba. Shuɗin hayaƙi alama ce ta injin yana shan baƙin mai, ko daga ringi ko daga robobin bawul, kuma mota takan daɗe tana tafiya a haka muddin ana lura da mai. Baƙin hayaƙi sau da yawa nozul ne ko matatar iska. Wanda ya kamata ya tsorata ka shi ne ƙwanƙwasa daga ƙasan injin tare da jar fitilar mai. Nan metal da karanshaf ne suka taɓu, ka kashe motar a inda take. Haka ma idan ta mutu cikin ambaliya, irin wadda mahaɗar Indénié ta yi shekaru tana fama da ita duk damina, kada ka sake murza makulli. Ruwa ba ya matsuwa a cikin silinda, tayarwa ɗaya tana iya lanƙwasa sandar fistin. Ka sa a auna matsin kowace silinda a gabanka, sannan ka ji ta bakin makanike na biyu, wanda ba shi da injin sayarwa.

Abin da ke sa na fi karkata ga gyara a Abijan shi ne doka. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta hana shigo da ƙananan motocin da suka wuce shekara 5, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2018. Tun daga nan tsofaffin motocin da ake shigowa da su masu araha, waɗanda ake kira "France au revoir", suka yi ƙaranci. Saboda haka wadda dillali zai ba ka da ɗan cikon da kake iya biya, galibi ta daɗe tana cin titunan garin nan, wataƙila ma ta taɓa yin tasi ko woro-woro aka sake mata fenti. Taka ka san abin da ke damunta, ka san wanda ya taɓa kwance ta. Waccan sai bayan ka biya za ka sani.

Amma kafin ka zuba kuɗi a inji, shiga ƙarƙashin motar. Mu da ke tsakanin tafkin Ébrié da teku, musamman mutanen Port-Bouët, iskar gishiri da laima suna cin ƙarfe a ɓoye. Duba shasi, da daɓen ƙasa, da mazaunin shokazoba. Gwada giya, tun ba ma otomatik ba. Ana canza inji cikin 'yan kwanaki, shasin da tsatsa ta cinye kuwa sai dai faci bisa faci, ga kuma gwajin lafiyar mota na SICTA yana jiranka. Idan jiki ya ruɓe, giya ma tana gardama, ko kuma jimlar gyaran ta haura rabin kuɗin da motar za ta yi tana lafiya, to a ganina lokacin rabuwa ya yi. Irin motar ma abin dubawa ne. Kayan Corolla birjik suke saboda masu tasi, wata motar kuwa sai ka yi makonni kana jiran ƙaramin abu daga Turai.

In ka zaɓi sayen tsohon inji a kasuwar tsofaffin kayan mota, tafi da makanikenka, ka biya shi kuɗin yininsa don kada la'adarsa ta fito daga wurin mai sayarwa. A juya karanshaf da hannu, a buɗe murfin mai a leƙa, a ciro fulogi a gani. Lambar samfurin injin ta dace da ta naka, a rubuta maka rasit da lambarsa, da adadin kwanakin da za ka iya mayarwa. Kafin a ɗora, a sa sabon belin taimin da famfon ruwa. Abin da ke ba ni takaici shi ne a sayi inji mai kyau a haɗa shi da toshasshen lagireto da matacciyar fanka, waɗanda su ne suka kashe na farkon. Kafin a je ko'ina sai shi ma ya ƙone.

Idan kuwa sayarwa ta kama, gwada sayar da ita daban, ka riƙe kuɗinka ka nemi wata a natse. A musanya dillali ne ke sa farashin motocin biyu, abin da ya ƙara maka a nan ya cire a can. Ka gaya wa mai saye aibinta ƙarara, kada ka zuba mai mai kauri don ɓoye ƙara, ha'inci ne kuma addini ya hana. Sannan ka tsaya sai an canza suna a takardar mallakar mota. Tun 2021 kyamarorin kan titi suna ɗaukar masu laifin tuƙi a Abijan, kuma saƙon tara yana zuwa ne wayar wanda sunansa ke kan takardar. Kada ka miƙa makulli sai kun je tare an shigar da takardun canjin.