Darasi: Tasawwufi da Shari'a, Ina Suka Bambanta, Ina Suka Haɗu?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A zangunanmu da yawa za ka iske gida ɗaya, uba na zuwa zawiya wazifa, ɗa kuwa na cewa bai yarda da wannan ba. Wani lokaci gardamar kan kai ga a daina gaisawa. Darasinmu na wannan fitowa zai duba mene ne tasawwufi, da abin da ya raba shi da ilimin hukunci da na aƙida, domin mai yi da mai bari kowa ya san a kan me ake magana.

A hadisin da Mala'ika Jibrilu ya zo yana yi wa Annabi (SAW) tambayoyi, an ambaci Musulunci da imani da ihsani. Malamai suka ce ilimin fiƙihu yana hidimar na farko, ilimin tauhidi na biyu, tasawwufi kuma na uku. Ihsani shi ne bawa ya yi ibada zuciyarsa na halarce, yana sane cewa Allah na ganinsa.

Bambanci na farko shi ne wurin da kowanne yake dubawa. Fiƙihu yana duba zahiri. Idan mutum ya yi alwala daidai, ya fuskanci alƙibla, ya cika rukunai, malamin fiƙihu zai ce sallarsa ta inganta, ko da hankalinsa na kasuwa tun daga kabbara har sallama. Malamin tasawwufi zai tambaye shi ina zuciyarsa take, kuma don wa ya yi. Riya da hassada da girman kai ba su karya alwala, amma suna cinye lada.

Na biyu shi ne hanyar sani. Aƙida ana koyonta da dalili da hadda, kamar yadda almajirai ke haddace siffofi ashirin na Allah. Sufaye suna neman abin da suke kira zauƙi, wato ɗanɗano. Mai sayar da goro yana iya sanin farinsa da jansa da kuɗin kowane huhu, alhali bai taɓa sa shi a baki ba. Saninsa gaskiya ne, sai dai wanda ya tauna ya san wani abu da shi bai sani ba.

Na uku shi ne tsari. Addini a cikin jama'a yana tafiya da liman da masallaci da alƙali da lokaci ƙayyadadde, hukuncinsa ɗaya ne ga kowa. Tasawwufi ya fara ne da masu gudun duniya irin su Hasanul Basari da Rabi'atul Adawiyya a Basra, sannan ya zama tarbiyya tsakanin shehi da muridi. Ɗariƙu masu suna da wuridi da muƙaddamai sun zo daga baya. Shehu Abdulƙadir Jilani ya rasu a 1166, Shehu Ahmadu Tijjani a 1815. Ke nan ɗariƙa ita ma tsari ce ta jama'a, kuma shiga cikinta kaɗai ba ya nuna zuciya ta gyaru.

Tarihin Imamu Gazali ya isa misali. A 1091 aka naɗa shi babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 na zama gabansa. Da ya binciki niyyarsa, sai ya ga neman suna da matsayi sun shiga cikin karantarwarsa. A 1095 harshensa ya ɗaure har ya kasa ba da darasi. Ya bar muƙamin, ya tafi Dimashƙa da Baitul Muƙaddas, ya yi aikin hajji, ya shafe shekaru cikin kaɗaita. Abin lura shi ne littafin da ya rubuta a wannan lokaci, Ihya'u Ulumiddin, bai jefar da hukunci ba. Kashinsa na farko ya ƙunshi bayanin tsarki da salla da zakka da azumi da hajji, tare da sirrin da ke cikin kowanne. Daga baya ya koma karantarwa a Naisabur, ya rasu a 1111.

Akwai kuma inda aka yi karo. An kashe Hallaju a Bagadaza a 922 bayan shekaru a tsare, saboda kalaman da aka jingina masa da kuma rikicin siyasar fada. Junaidu, wanda sufaye ke kira shugabansu, masanin fiƙihu ne, kuma ya shahara da koyar da cewa hanyarsu a ɗaure take da Alƙur'ani da Sunna. Wannan hanya tasa ce malamanmu suka gada. Littafin Ibn Ashir da ake karantawa a zaurukanmu ya tara aƙidar Ash'ari da fiƙihun Maliku da tasawwufin Junaidu wuri guda. Ahalari ma, kafin ya shiga babin tsarki, da tuba da kiyaye harshe ya fara. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo Baƙadire ne, kuma malamin fiƙihun Malikiyya ne.

Saboda haka haɗari biyu ne. Na farko, mutumin da zai ce ya kai matsayin da salla ta faɗi a kansa, ko ya keɓe da matan mutane da sunan tarbiyya, ko ya karɓi kuɗin baƙo mai neman takardun zama yana yi masa alkawarin sirri. Duk abin da ya nuna na ban mamaki, a auna shi da shari'a. Annabi (SAW) bai bar salla ba har ya bar duniya. Na biyu, mutumin da ya san hukunci amma bakinsa bai bar kowa ba, yana kafirta maƙwabcinsa a kan abin da malamai suka daɗe suna saɓani a kai.

Dattawa, ga abin da muke roƙo. A fara koya wa yara farillai kafin wuridi ko gardama. Wanda ke ɗariƙa ya duba kansa bayan shekara: fushinsa ya ragu, ya biya bashin da ke kansa? Wanda ba ya yi, shi ma gyaran zuciya wajibi ne a kansa, ko da wane suna ya kira shi. Idan saɓani ya taso a gida, a kai shi gaban malami mai natsuwa, kada a bar shi ga lasifika ko wayar hannu. Ranar suna da ranar jana'iza kuwa a zauna tabarma ɗaya, domin a baƙunci ba mu da kowa sai juna.

Allah Ya gyara zahirinmu da baɗininmu, Ya haɗa kanmu a kan gaskiya. Amin.